Yadda Ake Kashe Kwamfutar Cikin Kwamfuta Idan Ta Daskare

Kwamfutar cikin kwamfuta, wadda masu aikin ke ce wa VM, manhaja ce da ke kwaikwayon kwamfuta sukutum. Tana da nata faifan ajiya, da nata RAM, da nata Windows ko Linux, amma duk aro ne daga kwamfutar gaske da take zaune a ciki. Ta gasken ita ce mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa. A tsakaninsu akwai manhajar da ke raba musu kayan aiki, kuma guda biyar aka fi gamuwa da su: VirtualBox, wadda ke hannun kamfanin Oracle tun 2010, VMware Workstation, wadda ta fito a 1999, Hyper-V na Microsoft, da ya zo a 2008, KVM, da aka saka cikin Linux a 2007, sai Proxmox, wanda aka gina a kan KVM a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya.

A Kaduna, ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada da na Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa sukan koyi Linux da harkar netwok a kan baƙuwa, domin ba kowa ke da halin sayen kwamfuta ta biyu ba. Ƙananan ofisoshi, makarantu da asibitocin kuɗi a Unguwar Rimi, Malali da Kawo su ma sukan ɗora manhajar lissafi ko ta rajista a kan baƙuwa, a sabar guda da ke ajiye a ɗakin baya. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san ranar da allo zai tsaya cik, a danna maɓallin kashewa sau uku babu amsa, ga kuma inbata ta fara kuka.

Kashe baƙuwa da ƙarfi ba shi da wuya, umarni ɗaya ne. Abin da ake tsoro shi ne halin da faifanta zai shiga. Saboda haka ana bin matakan ne daga mai taushi zuwa mai tsauri, kuma ba a tsallake mataki sai an tabbatar ya gaza.

Me ya sa take ƙin mutuwa

Maɓallin da aka rubuta wa Shut Down ko ACPI Shutdown roƙo ne kawai. Galibi manhajar tana aika wa baƙuwa saƙo daidai da na wanda ya ɗan taɓa maɓallin wuta a jikin kwamfuta ya saki. Sauran aikin na baƙuwar ne: ta rufe manhajojinta, ta sauke abin da ke cikin RAM zuwa faifai, sannan ta sanar cewa ta gama. In ƙwaƙwalwarta ta cije, babu mai karɓar saƙon. In kuma akwai wani akwatin tambaya a buɗe, irin mai cewa ko a adana takardar da ake rubutawa, Windows zai tsaya jiran amsar da babu mai ba shi. Wasu ƙananan nau'o'in Linux ma ba sa sauraron saƙon sam, sai an saka musu manhajar acpid.

Ɗayan maɓallin, Power Off ko Turn Off ko Stop, shi ne cire fulogi daga bango. Duk abin da baƙuwa ke riƙe da shi a RAM wanda bai kai ga faifai ba ya tafi. In ana tsakiyar rubuta wani fayil, zai tsaya rabi. Takardar Word guda ba babbar asara ba ce, amma rumbun bayanan kuɗin makarantar ɗalibai, ko sabuntawar Windows da ta kai rabi, wani zance ne daban.

A fara duba mai masauki

Kuskuren da aka fi yi shi ne zura wa tagar baƙuwa ido ana ta danne-danne, alhali ciwon yana jikin mai masauki. A Windows a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga shafin Performance. A Linux umarni uku sun isa: `free -h` don ganin RAM, `df -h` don ganin sarari a faifai, `top` don ganin abin da ke cinye ƙarfin injin.

RAM ne abin zargi na farko. Yawancin laftof ɗin tokumbo da ake samu a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayensa suna zuwa da gigabait 8. Ɗalibi zai ba Windows Server gigabait 4, ya ba Kali Linux 2, ya bar burauza a buɗe da shafuka goma sha, sai mai masauki ta rasa inda za ta numfasa. Daga nan ta koma aron sarari a faifai a madadin RAM, kuma in faifan tsoho ne mai juyawa, komai zai yi nauyi har a ɗauka ya daskare. Alamarsa ita ce Task Manager ya nuna faifai a kashi 100 babu sauka, linzamin mai masaukin ma yana tafiya yana tsayawa. Maganin a nan ba kashe baƙuwar ba ne. A rufe burauza, a kashe ɗaya baƙuwar da ke da lafiya, a ba ta 'yan mintoci, sau da yawa za ta farfaɗo da kanta.

Na biyu shi ne cikar faifai, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Faifan baƙuwa fayil ne guda a cikin mai masauki, kuma galibi irin mai girma a hankali ne. Wanda aka yi wa iyaka da gigabait 80 zai iya farawa da 10, ya riƙa ƙaruwa ba tare da kowa ya lura ba, har ranar da faifan gigabait 256 na mai masauki zai cika maƙil. Idan haka ta faru, manhajar takan dakatar da baƙuwar da gangan don kada bayanai su lalace. VirtualBox zai nuna Paused, Hyper-V ya nuna Paused-Critical, a KVM kuma umarnin `virsh domstate --reason` tare da sunan baƙuwar zai faɗi cewa an dakatar da ita saboda matsalar rubutu. Baƙuwar da aka dakatar ba za ta taɓa amsa roƙon kashewa ba, amma lafiyarta ƙalau. A kwashe finafinai da tsofaffin fayilolin ISO zuwa wani wuri, a danna Resume, za ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A wajen neman sararin ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mutum zai leƙa foldar baƙuwar ya ga manyan fayiloli a cikin Snapshots, ko masu ƙarewa da .avhdx, ko masu lamba irin 000001.vmdk, ya ɗauka shara ce. Ba shara ba ce. Duk abin da aka rubuta tun ranar da aka ɗauki Snapshot, wato hoton halin da baƙuwar take ciki a lokacin, a cikinsu yake. Wanda ya goge su ya goge aikin watanni da hannunsa. Ba a taɓa komai a cikin foldar baƙuwa don neman sarari.

Na uku, inda faifan baƙuwar yake. In a kan faifan waje ne mai USB, a duba ko wayar ta motsa. In a wata na'urar ajiya ne ta netwok, a duba ko ita da suwic ɗin suna da wuta. A ofisoshi da yawa sabar ce kaɗai ke kan UPS. In aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi suwic ya mutu, baƙuwa ta nemi faifanta ta rasa, ta tsaya jira.

Akwai kuma zafi. A watannin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta gama toshe fankar laftof, injin yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Fanka na ihu, ƙasan laftof ba ya taɓuwa, baƙuwa na jan ƙafa. A ɗaga shi daga kan katifa ko darduma, a sa masa iska.

Ta daskare ne, ko aiki take yi?

In mai masauki lafiya take, sai a juyo kan baƙuwar. A ƙasan tagar VirtualBox akwai ƙaramin hoton faifai da ke ƙiftawa duk lokacin da ake karatu ko rubutu. Muddin yana ƙiftawa, baƙuwar tana da rai. Windows da ke saka sabuntawa zai iya ɗaukar rabin awa ko fiye a kan tsohon faifai, allo bai canza ba. Linux kuma yakan rubuta A stop job is running, ya jira daƙiƙa 90 a kan manhajar da ta ƙi rufuwa kafin ya tilasta mata; in irinsu biyu ne ko uku, jiran zai iya ninkawa. Wannan ba daskarewa ba ce, haƙuri kawai take buƙata.

Haka nan in manhajar ta nuna tana haɗe Snapshot da babban faifai, wato Merging a Hyper-V ko Deleting Snapshot a VirtualBox. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwar baƙuwa. Ana kwashe bayanai daga fayil zuwa fayil, kuma katse aikin zai iya barin duka biyun a lalace. Ko awa biyu zai ɗauka, a bar shi. In wuta ce matsalar, gara a tayar da janareta a ƙona mai da a katse shi.

Wani lokaci allon ne kaɗai ya daskare, cikin yana aiki. A gwada `ping` zuwa adireshin baƙuwar daga mai masauki. In ta amsa, a shiga ta SSH a ba ta `sudo systemctl poweroff`, ko a shiga Windows ta Remote Desktop a rubuta `shutdown /s /t 0`. A VirtualBox, maɓallin Ctrl na dama shi ne mabuɗin mai masauki: in aka haɗa shi da Del zai aika wa baƙuwa Ctrl da Alt da Del, in aka haɗa shi da F2 ko F3 zai buɗe baƙin allon rubutu a Linux, inda za a iya shiga a kashe ta cikin tsari ko da tagogin sun mutu.

A duba fayil ɗin rahoto ma kafin a yi komai mai tsauri, domin layukansa na ƙarshe sukan faɗi abin da ya faru. Na VirtualBox shi ne VBox.log a cikin foldar Logs, na VMware vmware.log a gefen fayilolin baƙuwar, na KVM kuma yana /var/log/libvirt/qemu da sunan baƙuwar. A kwafe shi a ajiye, zai yi amfani daga baya.

Lallashi

A sake aika roƙon, amma ta layin umarni, domin wani lokaci tagar manhajar ce ta cije ba baƙuwar ba. A ce sunan baƙuwar lissafi, lambarta a Proxmox kuma 101. A VirtualBox: `VBoxManage controlvm lissafi acpipowerbutton`. A VMware: `vmrun stop`, sai cikakkiyar hanyar fayil ɗin .vmx, sai kalmar `soft`. A Hyper-V, cikin PowerShell da izinin Administrator: `Stop-VM -Name lissafi`, in ya ƙi a ƙara `-Force`, wanda ke ba manhajojin ciki minti biyar su adana aikinsu. A KVM: `virsh shutdown lissafi`, kuma ana iya gwada `--mode acpi` da `--mode agent` ɗaya bayan ɗaya. A Proxmox: `qm shutdown 101`.

Proxmox na da wani tarko da ke kama sababbin hannu. In aka kunna zaɓin QEMU Guest Agent a shafin Options amma ba a saka manhajar a cikin baƙuwar ba, roƙon kashewa zai tafi wurin wakilin da babu shi, ya yi ta jira har lokaci ya ƙare. Baƙuwar lafiyarta ƙalau, saƙon ne bai isa ba. A shiga cikinta a kashe ta da hannu, sannan a saka wakilin ko a kashe zaɓin.

Baƙuwar Linux tana da wata ƙofar baya da ta cancanci a sani. Maɓallin SysRq yana magana da ainihin cibiyar Linux kai tsaye, ko da komai na sama ya cije. Haruffa uku ake aikawa bi da bi, da ɗan jinkiri a tsakani: S don a sauke abin da ke RAM zuwa faifai, U don a hana ƙarin rubutu, O don a kashe. A KVM ana rubuta `virsh send-key lissafi KEY_LEFTALT KEY_SYSRQ KEY_S`, a sake da KEY_U, sannan KEY_O. Ubuntu na zuwa da izinin waɗannan ukun a buɗe. Ko da O bai yi aiki ba, in S da U sun shiga, kashewa da ƙarfi ba za ta yi ɓarna sosai ba.

Sai Save State, wanda ke kwafe RAM ɗin baƙuwa zuwa fayil ya ajiye ta yadda take. Yana da amfani idan batir zai mutu alhali baƙuwar nauyi kawai ta yi, ko tana tsakiyar aikin da ba a so a katse. Amma ba ya warkar da daskarewa: wadda aka ajiye a daskare, a daskare za ta tashi. Yana kuma buƙatar sarari a faifai, don haka ba ya yiwuwa in cikar faifai ce matsalar.

Kashewa da ƙarfi

In an tabbatar faifai ba ya motsi, babu haɗe Snapshot, ba ta amsa `ping`, roƙo kuma ya gaza, to babu sauran amfanin jira. Umarnan su ne `VBoxManage controlvm lissafi poweroff`; `vmrun stop` da kalmar `hard`; `Stop-VM -Name lissafi -TurnOff`; `virsh destroy lissafi`; da `qm stop 101`. Sunan umarnin KVM ɗin yakan tsorata mutane, amma ba ya goge komai, wuta kawai yake cirewa. Wanda ke cire baƙuwa daga rajista shi ne `virsh undefine`, kuma ba shi da hurumi a wannan aiki.

Mai amfani da tagar VirtualBox ya buɗe ido sosai. In aka danna alamar rufe taga, akwati zai fito da zaɓi uku, kuma in baƙuwar na da Snapshot, a ƙarƙashin Power off the machine akwai ƙaramin gurbi mai cewa Restore current snapshot. In akwai alama a gurbin, za a mayar da baƙuwar yadda take ranar da aka ɗauki Snapshot, a zubar da duk abin da ya biyo baya. Mai gaggawa ba ya ganinsa. A tabbatar gurbin babu alama kafin a danna OK.

Idan manhajar kanta ta cije

Akan ba da umarnin kashewa da ƙarfi, baƙuwa ta maƙale a Stopping, ko a samu amsar cewa a kulle take. A idon mai masauki, kowace baƙuwa aiki ɗaya ce cikin jerin ayyukan da ke gudana, saboda haka sai a nemo nata a tsayar. Wahalar ita ce gano nata daidai, musamman a sabar da ke ɗauke da baƙi huɗu ko biyar.

A VirtualBox a fara gwada `VBoxManage startvm lissafi --type emergencystop`. In bai yi ba, a buɗe shafin Details na Task Manager, a ƙara ginshiƙin Command line, a nemi VirtualBoxVM.exe ko VBoxHeadless.exe mai ɗauke da sunan baƙuwar. A Windows kowace baƙuwa takan nuna guda uku, kada a ɗauka kuskure ne. Bayan an tsayar da su za ta nuna Aborted, wanda ke nufin an katse ta ne kawai. In jerin baƙin bai sabunta ba, a rufe VirtualBox gaba ɗaya, a tsayar da VBoxSVC.exe, a sake buɗewa. Amma wannan sai babu wata baƙuwa a kunne.

A VMware Workstation sunan aikin vmware-vmx.exe. A sabar ESXi ta VMware ana ganin jerin da `esxcli vm process list`, a ɗauki lambar World ID, a ba da `esxcli vm process kill` da `--type=soft`, in ya ƙi `hard`, a ƙarshe `force`. A Hyper-V kowace baƙuwa tana da vmwp.exe nata, kuma doguwar lambar da ke gurbin User name ita ce lambar baƙuwar. Umarnin `Get-VM lissafi | Select Id` zai nuna wadda za a nema. A gwada lambobin biyu harafi da harafi kafin a danna End task. A KVM ana nemowa da `ps aux | grep lissafi`, a Proxmox kuma lambar aikin tana cikin fayil ɗin /var/run/qemu-server/101.pid. A fara da `kill` da lambar, a jira kamar rabin minti, sai in ya ƙi a yi `kill -9`.

Kulle yakan rage bayan an gama. A Proxmox, saƙon can't lock file yana nufin roƙon kashewa na farko bai saki baƙuwar ba. A buɗe shi a jerin ayyuka na ƙasan shafi a danna Stop, sannan a sake `qm stop`. Umarnin `qm unlock 101` yana cire kullen da aikin kwafi ko Snapshot ya bari, amma sai an tabbatar aikin ya mutu da gaske, don in yana gudana kullen kariya ce. A VMware kullen foldoji ne masu ƙarewa da .lck. Bayan an tabbatar babu vmware-vmx.exe na baƙuwar a ko'ina, a kwashe su zuwa wata folda maimakon a goge, domin in an yi kuskure a iya mayarwa.

Akwai aikin da ko `kill -9` ba ya kashewa. A Linux `top` zai nuna shi da harafin D, ma'ana yana jiran amsa daga faifai, kuma ba zai saurari kowa ba sai amsar ta zo. Umarnin `dmesg` zai nuna ko faifan ne ke ba da kuskure ko hanyar netwok ce ta yanke. In na'urar ajiya ce ta mutu, a kunna ta, aikin zai saki da kansa. In kuma faifan ne ke mutuwa, a kashe sauran baƙi cikin tsari, a kwafe abin da zai kwafu tun mai masauki tana tsaye, sannan a sake kunna ta. Faifai mai ciwo ba kullum yake tashi bayan an kashe shi ba, shi ya sa kwafin ke gaba.

Bayan ta mutu

In baƙuwar na ɗauke da bayanai masu daraja, a kwafe foldarta gaba ɗaya zuwa wani faifai kafin a sake kunna ta. Gyaran da Windows ko Linux ke yi wa kansa yayin tashi rubutu ne a faifai, kuma in ya karkace babu komawa baya sai da kwafin. A KVM da Proxmox, `qemu-img check` zai duba lafiyar fayil mai ƙarewa da .qcow2, amma sai baƙuwar na kashe.

NTFS na Windows da ext4 na Linux duk suna ajiye rajistar rubutun da suke shirin yi, saboda haka yawanci sukan tashi lafiya bayan yankewar wuta. Rajistar tana kare tsarin faifan ne, ba ta dawo da abin da ba a adana ba. In Windows ya fara duba faifai da kansa, a bar shi ya gama. In bai yi ba, `chkdsk C: /f` zai tsara duban a kunnawa ta gaba. Linux in ya ga ɓarna yakan tsaya a baƙin allo ya nemi a yi masa `fsck`, kuma zai faɗi sunan ɓangaren faifan. Rumbunan bayanai irin su MySQL mai InnoDB da PostgreSQL suna gyara kansu yayin tashi. A ba su lokaci, sannan a sa mai kula da lissafi ya duba shigarwar ƙarshe da idonsa ya gwada da rasit ɗin takarda.

Sannan a nemi dalili, don wadda ta daskare yau za ta sake. A Linux `journalctl -b -1 -e` zai nuna layukan ƙarshe na kafin mutuwar, in ana ajiye rahoton a faifai. A Event Viewer na Windows lamba 41 da 6008 suna nuna cewa an kashe ba bisa tsari ba, abin da ya gabace su shi ne abin karantawa. In baƙuwa ta mutu da kanta a mai masaukin Linux, a nemi Out of memory a `dmesg`: Linux yakan kashe aikin da ya fi cin RAM idan ya rasa mafita, kuma galibi baƙuwa ce.

Rigakafi

A saka wa kowace baƙuwa manhajar taimakonta: Guest Additions a VirtualBox, VMware Tools ko open-vm-tools, qemu-guest-agent a KVM da Proxmox. A laftof mai gigabait 8 kada jimlar abin da aka ba baƙi ta wuce rabi, kuma kada a ba baƙuwa ɗaya duka ƙwayoyin injin. Ƙara RAM zuwa 16 da sauya tsohon faifai da SSD sun fi kowace dabara tasiri, kuma masu gyara a gari suna yin duka biyun a zama ɗaya, tare da hure ƙurar fanka.

Mai VirtualBox a kan Windows ya duba ƙasan tagar baƙuwa. In ya ga hoton koren kunkuru, Hyper-V ne ke riƙe da injin, VirtualBox yana bi ta kansa, shi ya sa take nauyi tana cijewa. WSL2, Docker Desktop da zaɓin Memory integrity duk suna jawo haka. Umarnin `bcdedit /set hypervisorlaunchtype off`, tare da kashe Memory integrity da sake kunna kwamfuta, yakan kore shi, amma WSL2 da Docker Desktop za su daina aiki, kuma an rage wata kariya. Mai kwamfuta ne zai auna wanda ya fi buƙata.

Kada a bar Snapshot ya kwana makonni. Ana ɗaukarsa ne kafin wani aiki mai haɗari, in aikin ya yi kyau a goge shi ta cikin manhajar yayin da yake ƙarami, ba ta cikin folda ba. Ba ya maye gurbin kwafin ajiya, domin a faifai ɗaya suke zaune da baƙuwar, in faifan ya tafi tare za su tafi.

Game da wuta, a ɗora suwic da na'urar ajiya a kan UPS ɗaya da sabar, a haɗa UPS ɗin da sabar ta USB in yana da gurbin, a saka apcupsd ko NUT don su fara kashe baƙi da kansu idan batir ya yi ƙasa. A Hyper-V a saita Automatic Stop Action na kowace baƙuwa, a Proxmox a tsara wadda za ta fara mutuwa da tsawon lokacin da za a jira ta, ta yadda mai rumbun bayanai za ta kasance ta ƙarshe. Batirin UPS yana saurin lalacewa a ɗaki mai zafi, don haka a riƙa gwada shi a ranar da babu aiki: a cire fulogi daga bango, a riƙe agogo, a ga ko mintocin da yake bayarwa sun ishi duka baƙin su mutu cikin tsari. In ba su isa ba, a sauya batir ko a sa kashewar ta fara da wuri.